Birkin da Lala Sarzamin Ya Ɗaura

Jif ɗin Tajbar Khan ba ta da uba ɗaya. Ƙashinta daga gwanjon sojoji aka sayo, injinta an ciro shi ne daga wata a-kori-kura da ta kife a hanyar Chitral, bodinta kuwa wani maƙeri a Mingora ne ya buge shi da guduma, shi ya sa ƙofar dama ta fi ta hagu tsawo da yatsa biyu. Yayana, Lala Sarzamin, shi ya haɗa ta a garejinsa da ke ƙarshen kasuwar Barikas, kamar yadda ya haɗa rabin motocin kwarinmu. Ni kuma, Muntazir, ni na tuƙa ta shekara goma sha ɗaya, ina sauko wa Tajbar da katako daga dajin Kandaw.

Aibinta ɗaya ne, kuma duk 'yan'uwanta suna da shi: injin saurayi, birkin tsoho. Birkin ganga ne, tun na zamanin da aka ƙera ƙashin. Wanda bai taɓa saukowa daga Kandaw da kaya ba kada ya yi min gardama. Lanƙwasa ashirin da uku ce, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, kogi can ƙasa. Kafin kowace lanƙwasa sai ka buga birki sau uku da sauri don ya taru, sannan ka miƙe tsaye a kansa da dukkan nauyinka, ka rungumi sitiyari, ka kira sunan Allah. Haka kowane direba a Barikas yake yi. Ko a barci ƙafata ta dama tana bugun nan uku, matata ta gaji da mita ta raba mana bargo.

A bazarar da abin ya faru, gangunan suka yi zafi a lanƙwasa ta sha shida. Na miƙe a kan birki, ya tafi da ni ƙasa kamar na taka laka. Na goga gefen motar da dutse har ta tsaya. Tajbar yana kusa da ni, goshinsa ya bugi ƙarfen gilashi ya fashe. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya kiyaye ba. Ya shafo jinin, ya duba, ya zabga min mari da hannun nan mai jinin, sai da kunnena ya yi mako yana ƙara. Ni kuma don in kuɓutar da ɗayan kuncin na buɗe baki na ce, "Khan, Lala ya ce akwai birkin faifai, irin na motocin birni. Ya ce zai iya ɗaura wa jif." Da na haɗiye harshena a ranar, da ya fi min.

A Barikas duk bakaniken da ya taɓa birki, shi ke zama a kan hancin motar a saukowar farko, daga Kandaw har gada, da cikakken kaya. Ƙa'idar daga hannuwan Ustad Painda ta samo asali, Ustad kuwa shi ne laƙabin da muke yi wa gwanin bakanike. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ya gyara birkin wata jif da safe, da la'asar ta tafi rami da 'yan biki mutum goma sha tara. Uwar Tajbar tana ciki, da ƙaninsa, wanda shi ne angon. Washegari, kafin a gama binne mutane, Tajbar ya jawo Painda daga gareji da gemu, ya ɗora hannuwansa a kan uwar maƙera, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da gudumar Paindan kansa. Ina tsaye a wurin. Na ji ƙarar kowane yatsa kuma ban motsa ba, duk kasuwar babu wanda ya motsa. Bayan nan dattawa suka zauna, don kada a ƙarar da bakanikai, suka yanke cewa wanda ya gyara shi zai hau. In aikinsa ya ci amana shi zai fara isa kogi, babu mai sake neman jini. Painda yana nan har yau, a ƙofar masallaci yake wuni, sai an sa masa kofin shayi a baki.

Lala ya hau hanci sau arba'in da ɗaya. Zama ake yi, ƙafafu a kan ƙarfen gaba, hannuwa biyu a baya riƙe da ƙarfen gilashi. Shi har garin taba yake cusawa a leɓe, yana gyaɗa wa masu wucewa kai kamar hakimi a rangadi.

Aikin ya ci masa kwana tara. Ya je kasuwar 'yan bola a Peshawar da kansa, ya dawo da faifai biyu, da muƙamuƙan da ke cizon su, da wata baƙar tukunya da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Babu abin da ya shiga wurinsa da daɗi. Ya yanka ƙarfe mai kauri ya huda, ya jefar, ya sake yankawa. Ya cire tsohon bututun mai gaba ɗaya ya ja sabo. A cikin kwanakin nan ko gida bai cika zuwa ba, a kan tsohuwar taya yake cin gurasarsa da albasa, yana kallon tayar gaba yana magana shi kaɗai. Rana ta tara ya zaunar da ni a kujerar direba, ya kwanta a ƙasa don fitar da iska daga bututu.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe. Na ce riƙe, ban ce ka yi min rawar biki ba. Saki."

Da muka gama muka gangara filin tsakuwa da ke bakin kogi. Lala ya zauna kusa da ni, ya tokare ƙafafunsa biyu.

"A hankali, Muntazir. Da yatsu kawai."

"Lala, ni za ka koya wa birki? Kai kana ƙasan mota, ni ina samanta."

"To, sarkin direbobi. Bismillah."

Na sa ta a giya ta biyu, na ba ta wuta, na ɗaga ƙafa na buga. Ban kai ga bugu na biyu ba. Motar ta ƙame a wurin, hancina ya haɗu da sitiyari, jini ya ɓalle har cikin bakina. Lala ya kama ciki yana dariya yana dukan cinyarsa, har hularsa ta faɗi. Ni ma dariyar nake yi ina tofar da jini, don tun da nake ban taɓa ganin jif ta tsaya lokacin da aka ce mata tsaya ba.

Sai dariyarsa ta yanke. Ya zuba wa murfin inji ido ta cikin gilashi.

"Jibi in ka yi wannan," ya ce, "ina kake ganin zan kasance?"

Na dubi inda yake duba, hancin motar, inda zai zauna.

Mun wuni a filin nan. In na shirya, ina takawa da yatsu, motar ta tsaya lafiya lau. Amma sai Lala ya bari na saki jiki, muna hira, ya daka tsawa, "Yaro a gabanka!" Sau biyar ya yi min haka, sau uku ƙafata ta riga hankalina. Da rana ta yi ja ya ce in kashe inji. Ya ce zai yi wa Tajbar magana.

Washegari da hantsi Tajbar ya zo garejin, goshinsa da tabo, tare da Namdar ɗan 'yar'uwarsa, wanda ko bayan gida ba ya zuwa sai da bindiga a kafaɗa. Direbobi sun cika rumfar mai shayi da ke tsallaken hanya, kowa yana son ganin birkin birni. Shamroz ma yana cikinsu, bakaniken da ke gaba da mu da rumfa uku, wanda nasarar Lala take hana shi cin abinci.

Lala ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Khan, aiki ya kammala. Amma ina da magana."

"Faɗi."

"Wannan ba irin birkin da dattawa suka yi wa ƙa'ida ba ne. Wancan tsoronsa kada ya ƙi kamawa. Wannan kamawa yake yi har ta yi yawa. Mutum a kan hanci, in aka taka da ƙarfi, tashi zai yi. Bari in zauna a ciki tare da ku. Ramin ɗaya ne, in ta tafi tare za mu tafi."

Tajbar ya dube shi daga hula har takalmi. "Sau nawa ka hau hanci, Sarzamin?"

"Arba'in da ɗaya."

"Sau nawa ka roƙi wani?"

"Ba roƙo nake yi ba. Bayani nake maka."

"Painda ma ya iya bayani. Sau arba'in da ɗaya ka hau motocin mutane kana tauna taba, yau da ka taɓa tawa kake neman kujera. Me ka sa min a cikin tayoyin nan?"

Daga rumfar shayi Shamroz ya ɗaga murya. "Ustad, ashe birkin birni sai da kujerar birni? Ku kawo masa matashi da lema!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ku haɗa masa da kwalbar nono, hanya da nisa."

Lala mutum ne mai haƙuri da ƙarfe, zai yi wuni yana lallashin kusa mai tsatsa, amma ba shi da haƙuri da mutane ko na sisi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na matso ina cewa, "Lala, bari," amma ya riga ya buɗe baki.

"Tajbar, ka dubi hancin direbanka, shi ne shaidata. In ba ka da kan da zai gane, ka ce ba ka da shi. Ko ka jera bakanikan duniya a kan hancin nan, tsohuwar nan ba za ta fito daga kogi ba."

Shekara goma sha huɗu babu wanda ya ambaci uwar Tajbar a gabansa.

Namdar ne ya fara. Ya juya bindiga ya kawo wa Lala gindinta a fuska, Lala ya sunkuya, ya wawuro ƙarfen ɓare taya daga ƙasa ya sauke masa a kafaɗa. Na ji ƙashin ya ce ƙas, Namdar ya durƙusa yana ihu kamar ɗan akuya. Tajbar ya afka wa Lala da ka a ƙirji, suka faɗa cikin gwangwanayen baƙin mai, suka yi ta birgima. Lala ya samu samansa, ya naushe shi sau biyu a tabon goshin nan har ya sake fashewa. Na ruga in raba, ko in taya, ni kaina ban san wanne ba, sai Namdar ya ɗago da hannun hagu ya maka min gindin bindiga a bayan kunne. Ƙasa ta taso ta same ni.

Da idona ya washe, Tajbar ya murɗe hannun Lala ya ja shi zuwa gaban jif. Murfin inji a buɗe yake, an tokare shi da sanda. Ya danna hannun daman Lala a kan bakin ƙarfen, ya sa ƙafa ya ture sandar. Murfin nan maƙerin Mingora bai yi rowar ƙarfe a kansa ba. Ya sauko a kan yatsun, Tajbar ya ɗaga shi ya sake saki. Lala bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi, ya zame ya zauna a cikin mai.

Direbobi suna tsaye a tsallaken hanya da kofunansu a hannu, kamar yadda na tsaya ranar Painda. A ranar na san yadda abin yake daga wannan gefen, kuma na tsane su, na tsani kaina tare da su.

Tajbar ya share jinin da ke shiga idonsa. "Gobe bayan sallar asuba. Kai a kan hanci." Ya juyo gare ni, ya taɓa cinyata da tsinin takalmi. "Kai kuma ka gode wa Allah gobe kake tuƙi, shi ya sa na bar maka ƙafafunka."

Yatsu uku suka karye. Mai ɗori ya ɗaure su da tsinken itace da ƙwai da gari, hannun ya kumbura har wuyan hannu. Na yi tunanin in ƙi tuƙi, in ce ba ni da lafiya, in gudu ma. Amma in ban tuƙa ba Tajbar zai tuƙa da kansa, kuma ƙafarsa ko wunin filin tsakuwa ba ta yi ba. Tawa dai sau biyu cikin biyar ta ji magana.

Muka hau Kandaw da sassafe, jif biyu cike da direbobi suna biye da mu don kallo. Aka loda gungume goma sha biyu, aka ɗaure. Namdar ya hau saman kaya da kafaɗarsa a rataye, bindigar tana kan cinyarsa. Na ciro igiya daga ƙarƙashin kujera na je wurin Lala, yana tsaye a bakin rami yana kallon hanyar da ke murɗewa ƙasa.

"Bari in ɗaure ka a ƙugu, Lala. In zagaya ta ƙarfen gilashi. Ƙa'ida ba ta hana ba."

Ya dubi igiyar, ya dubi direbobin da suka yi cirko-cirko suna kallonmu. Wani daga baya ya yi kukan rago a hankali, aka yi 'yar dariya.

"Mayar da ita."

"Lala, hannu ɗaya gare ka."

"Jiya an ja ni a ƙasa a gaban kasuwa. Yau kuma in shiga Barikas a ɗaure kamar ragon layya, 'ya'yana suna kallo? Mayar da ita, Muntazir."

"Don girman Allah."

"Ka kula da ƙafarka, ni zan kula da hannuna. Cire takalmin nan ma, ka ji abin da kake takawa."

Na cire takalmin. Ya hau ya zauna, ya kafa ƙafafunsa, ya miƙa hannun hagu baya ya kama ƙarfen gilashi, ya ɗora na daman a cinya. Ta cikin gilashi bayansa kawai nake gani, da ƙeyarsa, da furfurar da ta fara fito masa a bayan kunne. Tajbar ya shigo ya ja ƙofa.

Lanƙwasa tara na yi a giya ta ɗaya. Injin yana kuka yana riƙe kayan, ni kuma ina shafa birki da babban yatsa, kuma duk inda na shafa motar tana amsawa. Gumi ya jiƙa min riga duk da sanyin dutse. A ta bakwai Lala ya ɗan waiwayo ya gyaɗa min kai, zuciyata ta ɗan kwanta.

Tajbar ne bai kwanta ba. Tun ta biyar yake huci.

"Tsohuwa mai sanda ta fi mu sauri. Me kake yi?"

"Saukowa nake yi, Khan."

"Da giya kake riƙe ta. Kun haɗa baki kai da ɗan'uwanka, ku lallaɓa har gada ku ce birki ya yi, gobe in tafi rami ni kaɗai. Birki na saya, shi na zo gani. Sa ta biyu."

"Khan, mutum ne a gaba, da hannu ɗaya."

Ya ciro ƙaramar bindiga daga rigarsa ya maka min gindinta a kunnen da Namdar ya fasa jiya. Na ga wuta, motar ta yi tangaɗi zuwa bakin rami, Lala ya karkata ya dawo. Na sa ta biyu. Bayan ta goma akwai miƙaƙƙiyar gangara mai ɗan tsawo, Tajbar ya tura bakin bindigar a gwiwata.

"Ta uku."

"Khan..."

"Ta uku, ko in fasa gwiwar in karɓi sitiyari."

Na sa ta uku. Gungume goma sha biyu suka tura mu daga baya, tsakuwa tana tashi, iska ta cika rigar Lala. Ina gaya wa kaina, yatsu, yatsu, yatsu, zan fara shafawa tun daga wancan itacen, zan rage mata a hankali kafin lanƙwasa. Na ma fara, motar ta fara amsawa.

Sai awaki suka ɓullo daga bayan dutsen, sun cika hanya, a tsakiyarsu wata mata makiyayiya da jariri a kafaɗa. Ta ɗago kai ta gan mu, ta tsaya cak.

Ban yanke shawarar komai ba. Ƙafata ta tashi ta buga, jikina ya miƙe a kanta da dukkan nauyina, hannuwana suka rungumi sitiyari, bakina ya kira sunan Allah.

Jif ta tsaya. Gungumen suka zame gaba suka lanƙwasa bayan kujera, Namdar ya tashi daga sama ya faɗo a kan murfin inji, Tajbar ya shiga gilashi da fuska. Duk wannan daga baya na gan shi. Abin da na gani a lokacin shi ne hannun hagun Lala yana buɗewa daga ƙarfen, yatsa bayan yatsa, sai bayansa ya yi nisa da ni. Ya wuce ta kan awakin, ya bugi dutsen da ke bakin hanya da ƙugu, ya juya, ya ɓace ta gefen rami.

Matar tana tsaye taku biyu daga ƙarfen gaba. Wata akuya tana shinshinar taya.

Ban san yadda na sauka ba, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Lala ya tsaya a kan wani tudun duwatsu, zurfin gida uku daga hanya, kwance a rigingine, ƙafafunsa sun juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Idonsa a buɗe, jini yana fitowa ta gefen bakinsa da kumfa. Direbobin da ke biye da mu suka gangaro, Shamroz ne a gaba, fuskarsa ta yi fari fat. Muka sa Lala a cikin mayafi, mu shida muka hauro da shi, duk taku sai ya yi nishi.

Da muka fito hanya na tarar da Tajbar durƙushe a gefen tayar gaba, fuskarsa duk gilashi da jini, yana shafa zanen da tayar ta yi a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, kuma wallahi murna ce a idonsa.

"Ta kama, Muntazir. Ka gani? Da kaya, a ta uku. Ka ce masa na karɓi aiki."

Sifanar taya tana maƙale a gefen kujerata. Na zaro ta na sauke masa a baki. Ya faɗi, na bi shi, ya tare da hannu, na karya hannun. Na ɗaga ta uku ina nufin kansa, mutum huɗu suka rataya a jikina suka kai ni ƙasa. Namdar ya lalubo bindigarsa, wani direba ya take ta ya shure ta cikin rami da ƙafa.

"Bar shi!" Shamroz yana girgiza ni. "Ɗan'uwanka yana numfashi, sakarai! Asibiti!"

Motocin da ke bayanmu ba su da hanyar wucewa, tamu ta tare. Aka yanke igiyoyi, aka mirgina katakon Tajbar cikin rami ɗaya bayan ɗaya, yana kwance a gefe yana tofar da haƙora, babu wanda ya dube shi. Muka miƙe bayan kujera da ƙarfi, Shamroz ya zauna ya rungumi Lala a ƙirjinsa. Na tayar da inji. Saura lanƙwasa goma sha uku.

A ta sha uku Lala ya yi magana. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na karkato.

"Ta ja gefe?"

"Ba ta ja ba, Lala. A miƙe ta tsaya."

"Matar fa?"

"Ko akuya ɗaya ba ta mutu ba."

Ya rufe ido, na ga gefen bakinsa ya motsa. "To me kake wa kuka?"

"Ƙafata ce, Lala. Ka gaya min, ka wuni kana gaya min. Ni na jefa ka."

Muka sha ta sha huɗu, na ɗauka bai ji ba. Sai ya ce, "Wa ya koya maka bugun nan uku?"

Ya amsa wa kansa da kansa.

"Kana shekara sha shida. A motar Baba. Duk wanda ka manta sai in ranƙwashe ka." Ya yi tari, Shamroz ya goge masa baki da hannun riga. "Da kyau na koya maka."

"Yi shiru, Ustad," in ji Shamroz, shi ma kukan yake yi. "Ka adana numfashinka. Ga gada can."

Ba a ganin gada daga nan, mu duka mun sani. Na ƙara wuta gwargwadon abin da na iya, ina kiran sunansa a kowace lanƙwasa, yana amsawa da ɗan nishi. A ta sha tara na kira bai amsa ba. Na sake kira. Shamroz ya ɗora tafin hannu a kan ƙirjinsa, ya daɗe, sannan ya dube ni ya fara salati.

Na tsayar da motar a tsakiyar hanya na kashe inji. Na rufe masa ido, na gyara masa karyayyen hannun a kan cikinsa don kada ya bugi ƙofa. Shamroz ya ce mu ƙarasa, iyalin Lala suna jira a gada. Na ce masa ya ba ni ɗan lokaci, ƙafata ba za ta iya taka komai ba tukuna.